Ba kowane ƙaramin tsuntsu ne jan baki ba

Assalamu alaikum Edita,

Shirinku na manoma na daren Talata ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma raina a ɓace yake. Daga farko har ƙarshe mai gabatarwa da baƙon nasa "tsuntsaye" kawai suke cewa, a yi feshi, a ƙara feshi, kamar duk abin da ke da fiffike ɓarawon hatsi ne. Da wani bawan Allah ya bugo waya ya ce ƙananan tsuntsayen da ke zuwa da kaka sun ragu, sai aka yi dariya aka ce wannan damuwar Turawa ce. Haba!

Ni manomin shinkafa ne a fadamar Hadeja, babu wanda zai koya mini ɓarnar jan baki. Na sha tsayuwa a gona tun asuba da gwangwani a hannu har muryata ta dushe. Amma na kuma shiga kachalla washegarin feshi, na ga abin da ke kwance a ƙasa. Jan baki na nan, gaskiya ne, sai dai a cikinsu akwai wannan mai ɗorawar ƙirji da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa wutsiya, akwai masu siririn baki da ba su taɓa cin ƙwayar shinkafa ba, ƙwari da tsutsa ne abincinsu. Ɗana ya tsinci ɗaya da zoben ƙarfe a ƙafa, da lamba da rubutun boko. Wani ne a wata ƙasa ya kama shi ya sa masa, don a san inda ya bi. Ya ƙetare teku da Sahara, nauyinsa bai fi giram 20 ba, ya zo ya mutu a bayan gonata.

Waɗannan tsuntsayen masu zuwa daga Turai suna isowa ne wajen Satumba da Oktoba, su koma a Maris ko Afrilu. Wato rabin shekara a wurinmu suke. Ta ina suka zama na Turawa kaɗai? A 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun tarar fiye da rabin wani jinsi bai komo ba, da aka bincika sai aka ga farin da aka yi a Sahel ne ya kashe su. Farin da ya taɓa su shi ya taɓa garken iyayenmu.

Ko sau ɗaya ban ji an ambaci itace a shirin ba. Gawo, da aduwa, da bagaruwa, nan suke sauka su yi kiwo su tara kitsen komawa, gawo ma da rani yake ganye, daidai lokacin da suke nan. Muna yara gawon da ke gonarmu da safe ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukansu. Masu gawayi sun gama da irinsu, an maye gurbi da darbejiya, ita kuwa da wuya ka ga sun zauna a kanta. Ga ruwan fadama ya ja baya tun da aka yi madatsun Tiga da Challawa.

A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis, 'ya'yanmu ne a ciki suke sa zobe suna ƙirga su duk shekara. Me ya hana ku kira ɗaya daga cikinsu? Ku maimaita shirin, ku kawo wanda zai bambance wa manomi jan baki da sauran, a kuma gaya wa masu feshi su tabbatar da abin da ke kwana a wuri kafin su zuba guba.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Kullum sai a ce yana aiki, amma mutanen birni su biyu-uku ne muke ji suna shiga kowane mako, mu na ƙauye katinmu kawai ke ƙonewa.

Naku,
Mai sauraronku daga Hadeja, jihar Jigawa