Zuwa ga Yaya, daga bakin tafkin 'ya'yan Lir

Mullingar, ƙasar Ailan
Daren Lahadi, cikin watan Disamba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya hunturu? Na san yanzu Zariya ta yi fari fat da ƙura. Ni ma lafiya lau nake, alhamdu lillahi, sai ɗan tarin da sanyi ke sa ni. Rana a nan ba ta fitowa sai wajen tara saura, kafin huɗu da rabi kuma magariba ta yi. Ga ni da aikin dare, sai in yi kwana uku ban sa ta a ido ba.

Kada ki yi mamakin ganin doguwar takarda. Wata biyu ke nan tun ranar da kika kashe waya a kunnena kan maganar sayar da gidan Inna, kuma na ɗauko wayar ya fi sau goma zan yi miki saƙon murya, in na fara sai in goge. Kin san ni da in'ina idan magana ta yi mini nauyi. A rubuce dai ba za ki katse ni ba. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, ko da za ki ce yaron nan ya je Turai ya koma tatsuniya.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki akwai wata tsohuwa da ta haura shekara 90, malamar firamare ce a da. Ba ta barci. Ƙarfe biyun dare za ta danna ƙararrawa, in na zo ta ce ba komai, shayi take so. Kaka nake ce mata, ta kuwa karɓi sunan hannu biyu. Wani dare, a makon da muka yi rigimar nan, ta dube ni ta ce fuskata ba daidai take ba. Ta tambaye ni mu nawa ne a ɗakinmu, na ce uku. Wa ye babba? Na ce mace ce. Sai ta nuna mini kujera ta ce in zauna, za ta ba ni labarin da ta shekara arba'in tana ba 'yan aji.

Labarin 'ya'yan Lir ne. Da wuya ki sami yaro a ƙasar nan da bai san shi ba, kamar yadda namu suka san Gizo da Ƙoƙi, sai dai wannan babu dariya a cikinsa ko kaɗan. Su kansu suna lissafa shi cikin labarai uku mafiya baƙin ciki da kakanninsu suka bari. Lir wani babba ne cikin mutanen da suke kira Tuatha Dé Danann, waɗanda a tatsuniyarsu suka riga mutanen yanzu zama a tsibirin, daga baya suka shige cikin tuddai suka zama kamar aljanu. Har yau akwai manomin da ba zai sare wata ƙaya da ta tsaya ita kaɗai a gonarsa ba, kamar yadda ake tsoron tsamiyar bayan gari a wajenmu. A 1999 ma sai da masu gina babbar hanya a gundumar Clare suka bar wata irin wannan bishiya a tsaye saboda surutun da aka yi. Mutum dai mutum ne ko'ina.

Lir yana da 'ya'ya huɗu: babbarsu mace, Fionnuala, sai Aodh, sai tagwaye Fiachra da Conn. Kada rubutun ya ruɗe ki, harshensu na Irish haka yake. Finula ake faɗa, Fiyakra da Kon. Uwarsu ta rasu wajen haihuwar tagwayen. Da Kaka ta zo nan sai na ji kofin da ke hannuna ya yi nauyi, don kin san yadda Inna ta tafi ta bar mana Auta yana tsumma. Aka ba Lir ƙanwar marigayiyar ta maye ɗakin yayarta, sunanta Aoife, ana kiranta Ifa. Da farko ta riƙe yaran da amana. Kishi ne ya shige ta daga baya, ganin uban ba ya ganin kowa sai su. Ta ɗebe su a keken doki kamar za a je ziyara, a hanya ta ce su sauka su yi wanka a tafkin Derravaragh, suna cikin ruwa ta buge su da sandar tsafi suka zama tsuntsaye.

Tsuntsun ba mu da shi a gida. Fari ne sol, na ruwa, mai dogon wuya, ya fi dinya girma nesa ba kusa ba. Su suna ce masa eala, ni kuwa farar dinya nake cewa. Ifa ta yanke musu shekara 900: 300 a wannan tafki, 300 a tekun Moyle da ke tsakanin Ailan da Sukotland, 300 a gaɓar yamma wajen wani ɗan tsibiri, Inishglora. Abu ɗaya ta bar musu, hankalinsu da muryarsu ta mutane. Kafin ki ce wani abu: ba habaici nake wa matar Baba ba. Ta yi iya ƙoƙinta da mu, Allah Ya saka mata. Ba don ita na kawo labarin nan ba.

Shekarun tafki da sauƙi, domin uban ya tare a bakin ruwa da jama'arsa, kullum suna hira, da dare yaran su yi musu waƙa. Tekun Moyle ne wahala. Ba kowa, sai duwatsu da gishiri da iska. Wata rana Finula ta ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ta ce wa ƙannenta daren nan zai raba mu, mu sa wurin da za mu haɗu in an tsira. Suka sa wani dutse a tsakiyar teku, Carraig na Rón. Guguwa ta watsa su. Ita ta fara isa dutsen, ta tsaya ita kaɗai tana duban ruwa har gari ya waye, ba ta ga kowa ba. Can sai ga Kon, kai a sunkuye, gashi jiƙe sharkaf. Sai Fiyakra, sanyi ya hana shi ko magana. A ƙarshe sai ga Aodh, kansa a bushe, gashinsa lumui, shi ya samu inda ya raɓa. Ba ta tambaye shi ina ya ɓuya ba. Ta sa ɗaya ƙarƙashin fiffiken dama, ɗaya na hagu, shi kuma ta rungume shi a ƙirji. Wani daren kuma ƙanƙara ta manne ƙafafunsu da dutsen, da suka yunƙura su tashi fatar ta zauna a nan, suka koma cikin ruwan gishiri da ɗanyen ciwo.

Yaya, kin tuna hunturun shekarar da Inna ta rasu? Bargo ɗaya gare mu, mai ja da baƙin nan da ya huje a gefe. Kina sa Auta a tsakiya, ni ta jikin bango, ke kuma ta bakin ƙofa inda iska ke shigowa ta ƙarƙashin asabari, da zani ɗaya. Da asuba ki ɗumama ruwa a gwangwani ki wanke mana ƙafa, ki shafa mana man kaɗe a faso. Naki fason ban taɓa ganin kin shafa masa komai ba, har jini yake yi kina tafiya talla. Shekararki 14. Na fi shekara ashirin ban tuna wannan ba, sai da wata tsohuwar Baturiya marar haƙori ta tuna mini da shi ƙarfe ukun dare.

Tafkin ba nisa da nan, bai kai tafiyar rabin awa a mota ba. Wani abokin aikina ya kai ni ranar hutuna. Dogon ruwa ne siriri, tuddai sun sa shi a tsakiya, ga sanyi mai shiga ƙashi. Tsuntsayen kuwa suna nan. Akwai masu zama duk shekara, akwai kuma masu rawayan baki da ke tasowa daga tsibirin Aisland kowace kaka, su ƙetare teku sama da kilomita 1,000, su yi hunturu a nan su koma. Kukansu kamar ana busa kakaki daga nesa. 'Yan ci-rani ne irina, na ce wa abokin nawa, ya yi ta dariya.

Daga nan abin ya zame mini jaraba. Laburare a ƙasar nan kyauta ne, tun 2019 ma sun daina cin tara in ka makara da littafi. Na tarar akwai marubutan zamani da sana'arsu ke nan: su ɗauko tsohuwar tatsuniya irin wannan su zaunar da ita cikin tarihi na gaske, su yi ƙaton littafi mai shafi 500. Yawanci suna son zamanin da mayaƙan jiragen ruwa na arewa, Vikings, suka addabi tsibirin. Harinsu na farko a 795 ne, a 841 suka kafa sansanin da ya zama Dablin, babban birnin ƙasar, kuma a 845 wani sarkin yankin nan ya kama wani shugabansu, Turgesius, ya nutsar da shi a tafkin Owel, wanda nake wucewa ta gefensa a mota. To a cikin irin wannan duniya ta sarakunan gargajiya da sufayen Kirista da bokaye sai su saka aljanun tuddai suna shiga harkar mutane, har ki kasa gane inda tarihi ya tsaya. Akwai abin da zai ba ki sha'awa: su ma a da suna ba da 'ya'ya riƙo, har da dokokinsa a rubuce, kuma ɗan riƙo kan fi shaƙuwa da gidan da ya tashi. Ita kanta Ifa da yayarta 'yan riƙon sarki ne.

Na karanta uku cikin daren aiki. Suna da daɗi, ba zan ɓoye ba, kusan kamar littattafan soyayyar da kike ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. A ɗaya, 'yan'uwa maza shida aka mayar tsuntsaye, ƙanwarsu ce za ta cece su, da sharaɗin ba za ta furta ko kalma ɗaya ba har sai ta saƙa musu riguna da wata ciyawa mai ƙaya da ke yayyaga hannu. Asalin wannan tatsuniyar Jamus ce, aka kawo ta Ailan. Amma abin da ya tsaya mini a rai, ko a wanne, mace ce ke biya. Mazan suna can sama suna shawagi, ita ke zubar da jini a ƙasa. Marubutan zamani sun ji kunyar hakan, shi ya sa suke ba ta miji nagari a ƙarshe don mai karatu ya samu barci. Tsohon labarin bai yi wannan ladabin ba, kuma ni na fi yarda da shi. Da shekarunsu suka cika suka tashi zuwa gidan ubansu, suka tarar da kufai, ciyawa ta cinye ko'ina, ba rufi ba murhu. Wani sufi ya riƙe su a tsibirin yamma. Ranar da sihirin ya karye, ba yara aka gani ba, tsofaffi huɗu ne tukuf, fata da ƙashi. Abin da Finula ta roƙa kawai a binne su kabari ɗaya, tagwaye a gefenta biyu, Aodh a gabanta, yadda suka saba kwana a kan dutse. Ba wanda ya taɓa tambayarta me ita take so.

Makon jiya na shiga Dablin sayen manja da busasshen kifi a titin Moore, na ƙarasa wani lambu da ke kusa, a dandalin Parnell, wanda aka buɗe a 1966 don tunawa da waɗanda suka mutu wajen neman 'yancin ƙasar. A ƙarshensa akwai ƙaton gunkin tagulla na yaran nan, aikin Oisín Kelly, an kafa shi a 1971: mutane huɗu suna sulalewa ƙasa, tsuntsaye huɗu suna tashi daga jikinsu. Su a wajensu ƙasarsu ce ta tashi bayan ɗaruruwan shekaru a hannun Ingila. Ni dai na tsaya da ledar kifi a hannu ina neman wacce ce babbar.

Yanzu maganar gidan Inna na Tudun Wada. Na ce a sayar, na ce Auta na bukatar jari, dillali ya kawo mai saye da daraja. Duk wannan ba laifi ba ne a faɗa. Laifin shi ne da na ce ni da nake turo kuɗi ni ya kamata a saurara. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Ni ne na iso da busasshen kai, Yaya, na samu inda na raɓa, kuma kuɗin jirgin da ya kawo ni har da na sarƙarki a ciki. Ki yafe mini don Allah.

Ga abin da na yanke. A rabon gado mu maza kaso bibbiyu ne, ke ɗaya. Hukuncin Allah ne, ba mai ja. Amma ba abin da ya hana kyauta. Na ba ki kasona na gidan, halak malak. Na riga na gaya wa Kawu, zai zo da liman da shaidu biyu a rubuta, ni kuma zan sa hannu in turo. In kin ga dama ki zuba 'yan haya, in kin ga dama ki bar shi a rufe, in ma ke kika so sayarwa wata rana, naki ne. Jarin Auta kuwa ni zan ɗauka. Na karɓi ƙarin dare biyu a mako daga Janairu, zan riƙa tura masa kaɗan-kaɗan har kuɗin Keke Napep ɗin su cika, da sharaɗin ya bar maganar sayar da nasa kason. Na kira shi jiya, ya yi ta gunaguni, amma ya amince. Kada ki yi masa faɗa, ni na zuga shi tun farko.

Ki sa a duba rufin ɗakin Inna kafin damina, Kawu ya ce kwanon ya fara yoyo ta kusurwar gabas. Ki gaya mini nawa ne.

Akwai wani ɗan Kaduna da zai dawo nan ƙarshen wata, zan turo miki lambarsa. In da hali ki ba shi kuka da daddawa da yajin nan naki mai citta, a ɗaure sosai cikin leda biyu. Kilishi kada ki sa, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Kaka ta ce in gaishe ki, wai tana son ganin hotonki. In kin yarda ki turo wanda kuka ɗauka da Sallah.

A gaishe da Malam, da Goggo, da matar Baba, da yara duka. Ranar Juma'a ba ni da aiki, wayata tana kunne tun daga asuba.

Wassalam,
Ƙaninki