Karen lungunmu ya ciji ɗana, kuma da bakina na ce masa ya gudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne kan wata magana da na san wasu za su yi mata dariya, wato maganar kare. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, kuma ban taɓa zaton zan ajiye almakashi in ɗauki biro saboda kare ba.

Da asubar wata Talata ni da autana, ɗan shekara 9, muka fito za mu masallaci. An ɗauke wuta, lungu ya yi duhu, sai fitilar waya a hannuna. Daidai inda ake tara bola a bakin gota muka ji gurnani. Da na haska, sai ga kare tsaye, babba, ba irin ƙanjamammun nan masu yawo a bayan kasuwa ba, irin wanda ake saye da tsada don gadin gida. Gashin bayansa ya tashi, ya zage haƙora. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Gudu!" Yaro ya kwasa. Karen ya bar ni a tsaye da butata, ya bi shi, ya cafke shi a sharaɓa kafin ya kai bakin titi.

Wani tsohon maigadi ne, mutumin arewa, da ya taso daga aikin dare yana tura kekensa, Allah ya kawo. Bai yi ihu ba, bai yi sauri ba. Ya sa keken tsakanin yaron da karen, ya yi masa tsawa ɗaya da kakkausar murya, karen ya ja da baya. Da ƙura ta lafa sai ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya ce wa yaron nan ya gudu?" Na rasa bakin amsawa.

Abin da nake so masu sauraro su duba shi ne, mu 'yan Zongo ba mu san kare ba. Mun tashi da tumaki da awaki da kaji da tantabaru, yaro ƙarami ya san ragon da zai yi tunkuyi tun daga yadda ya sunkuyar da kai. Amma kare ba ma kiwonsa, ba ma kusantarsa, abin da muka gada game da shi guda biyu ne kawai: gudu da jifa. To, Zongon ta cika ta haɗe da maƙwabta, kuma har a cikinmu masu hali sun fara ajiye karnuka saboda ɓarayi. Daga Aboabo zuwa Asawase zuwa Sawaba, duk mai fita da asuba ko mai dawowa da dare ya san abin da nake faɗa. Karnukan sun ƙaru, iliminmu a kansu yana nan inda kakanninmu suka bar shi.

Tsohon nan, wanda ya ce da karnukan farauta ya girma, shi ya zauna a kan bencin shagona bayan kwana biyu ya yi mini karatu. Ya ce kare abin da ke gudu yake bi, haka aka halicce shi, kuma babu yaron da zai tsere masa. Idan kare ya tare ka, ka tsaya cak. Ka sauke hannuwanka a jiki, kada ka riƙa kaɗa su. Kada ka zuba masa ido cikin ido, don a wurinsa wannan neman faɗa ne. Ka ɗan karkata ka ba shi gefenka, kana kallonsa da wutsiyar ido. Idan ya rage zafi, ka riƙa ja da baya a hankali, ba tare da ka juya masa ƙeya ba. Duk abin da ke hannunka, jaka ko laima ko darduma ko allo, ka sa shi tsakaninku, in ma cizon zai yi ya ciji wannan. Mai keke ya sauka ya yi garkuwa da kekensa. Wanda kuma aka kayar, musamman yaro, ya dunƙule wuri ɗaya, ya rufe wuya da kunnuwa da hannu, ya yi shiru.

Na tambaye shi batun sunkuyawa kamar za a ɗauki dutse, tunda duk mun san karen bola yakan arce in ya ga haka. Ya yi dariya ya ce wannan sai ga karen da ya sha jifa ya san zafinta. Karen gadi da aka yi wa horo, ko karya mai 'yan kwikwiyo, ko wanda ya haukace, sunkuyawar da ka yi kawo masa fuskarka ka yi kusa. Tun daga ranar na daina ba yara wannan shawara.

Sai dai abin da ya fi tayar mini da hankali bayan cizon ya zo. Kafin gari ya waye mutane sun taru, kowa da maganinsa. Wani ya ce a samo gashin karen a ƙona a shafa. Wata ta ce toka da gishiri. Wani ya ce ciwon ai ƙarami ne, a je kemis a ɗaure. 'Yar maƙwabcinmu da ke aikin jinya ita ta ratso taron ta ce, "Baba, ku ba ni sabulu da ruwa." Ta zaunar da yaron a bakin famfo tana wanke ciwon, ruwa na zuba, tana duba agogo, har minti 15 cif. Yaro na kuka, uwarsa na cewa ya isa haka, ita kuwa ko a jikinta. Ta hana a ɗaure, ta ce mu kama hanyar asibiti yanzu, ba sai an karya kumallo ba.

A asibiti na gane dalilinta. Ciwon haukan kare a cikin miyau yake, kuma ƙwayar cutar jijiya take bi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci sai bayan wata 2 zuwa 3 alamun ke bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ciwon ƙafa ya warke, kowa ya manta, sai a ga mutum yana firgita, yana tsoron ruwa, ya kasa haɗiya. A unguwa irin tamu nan take za a ce iska ce ko sammu. Idan an kai wannan matakin kuwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin, rigakafin ba sabon abu ba ne. Tun 1885 wani masanin kimiyya mai suna Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar a Faransa ya rayu, shi ma shekararsa 9, sa'an ɗana.

An yi wa yarona allurar tetanus da ta haukan kare, aka rubuta mana ranakun dawowa: ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28. Ba zan ɓoye ba, kuɗin ya taɓa jarina, kuma wurin da muka fara zuwa ba su da allurar, sai da muka sake hawa pragya, wato babur mai ƙafa uku, zuwa wani. Na fahimci abin da ke sa talaka ya yi biyu ya bar sauran da zarar ya ga ciwo ya bushe. Amma don Allah kada a bari.

Da yamma na je wurin mai karen. Ɗan'uwanmu ne Musulmi, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Ya ce, "Wallahi Malam, ba ya cizo, wasa yake yi." Na ce, "Alhaji, ga wasan nan a ƙafar ɗana." Na tambayi katin allurar karen, babu. Ashe da dare yake kwance shi ya bar ƙofa a sake don ya sha iska. Matasan layinmu suka ce a ba su dama su gama da karen a daren. Na hana, ba don tausayi kawai ba. Likita ya ce karen da aka san gidansa gara a tsare shi kwana 10 ma'aikatan lafiyar dabbobi su sa masa ido, domin idan da cutar a miyansa ranar da ya yi cizon, ba zai wuce waɗannan kwanaki lafiya ba. Ya kuma ce ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Alhamdu lillahi karen ya wuce su garau. Alhajin ya biya rabin kuɗin magani, bayan dattawan masallaci sun sa baki.

Ni ba na cikin masu cewa a bi karnuka da guba. Addinin da ya yi mana gargaɗi kan ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, shi ne kuma ya ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Guba kuma ba ta tambayar wa ya ci, akuyar maƙwabci ce za ta fara mutuwa. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In ka ajiye kare, sarƙa da ƙofa da allura a kanka suke. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yawo a tsakaninsu, kuma allurar kare ɗaya ba ta kai kuɗin allurar mutum ɗaya da ya ciza ba.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku gayyato likitan dabbobi daga ofishinsu na nan Kumasi ya shigo shirinku, ya yi bayani da Hausa ko a yi masa tafinta, a buɗe waya mutane su yi tambaya. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, amma ba sai an jira ta ba. Limamai da malaman makarantun allo su ɗauki minti biyar su nuna wa yara yadda ake tsayawa, don su ne ke fita da duhu. 'Yan majalisar unguwanninmu kuma su kai maganar karnukan da ake saki da dare, da bolar da ke tara su, gaban majalisar gundumarmu ta Asokore Mampong.

Yarona ya karɓi allurarsa ta ƙarshe makon jiya. Har yanzu in za mu masallaci ta babban titi yake so mu zagaya, ni kuma ban matsa masa ba.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
wani tela daga Aboabo, Kumasi