Roƙon tallafi domin 'ya'yanmu da ke karatun tauhidi a Jos da Kagoro

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu zuwa ga iyayenmu dattawan ikilisiya, iyayenmu mata na Zumunta, matasa, 'yan kwaya, 'yan Sabon Rai, da kuma 'yan'uwanmu da aiki ya kai su Abuja, Legas, Fatakwal har da na ƙetare waɗanda a nan gida aka binne cibiyarsu. Wannan saƙo daga kwamitin ilimi na ikilisiyarmu ne, kuma ba za mu tsaya kewaye-kewaye ba, taimakon kuɗi muke roƙo. Mun san wani zai ce ai kwanan nan aka gama baikon rufin majami'a, gaskiya ne, kuma Allah ya saka wa kowa, amma don Allah a daure a karanta har ƙarshe.

Kun tuna akwai mutum uku da ikilisiya ta ɗora wa hannu ta yi musu addu'a ta sallame su zuwa karatun digiri na biyu a fannin tauhidi, biyu suna JETS, wato babbar makarantar tauhidi ta ɗarikarmu ta ECWA, a Jos, ɗaya yana seminari ta Kagoro. Ba za mu sa sunayensu a nan ba tunda saƙon zai yi yawo a waya, amma duk ɗan gida ya san su. Na farko fasto ne da ya daɗe yana riƙe da ƙananan ikilisiyoyi a ƙauye da difloma ɗinsa, daga baya ya lallaɓa ya yi digiri, yanzu yana mastas. Na biyu malamin sakandare ne, lissafi ya karanta a jami'a, ya ji kira ya ajiye albashinsa ya shiga M.Div, wato karatun shekara 3 da ake shirya wanda ya yi digiri a wani fanni daban domin ya zama cikakken mai hidimar ikilisiya. Ta uku kuwa 'yar'uwarmu ce da ta daɗe tana aiki cikin gwauraye da marayu da waɗanda rikici ya kora daga gidajensu, ta ga cewa tausayi kaɗai ba ya isarta in ta zauna gaban macen da aka kashe mata miji a gona, sai ta koma makaranta ta koyi yadda ake ba da shawara da ta'aziyya bisa Maganar Allah.

To yanzu semesta na ƙaratowa, abin da ke asusun kwamiti ba zai kai su ko'ina ba. Gundumar ikilisiyoyinmu ta yi nata ƙoƙarin, su ma ɗaliban sun sayar da abin da za su iya sayarwa, ɗayansu har babur ɗinsa ya tafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma, kuɗin mota, haya, mudun masara, takarda, komai ya ninka, kuma lissafin da muka yi tun farko lokacin da muka tura su ya tashi daga aiki.

Bari mu ɗan faɗi abin da suke yi a can, don wasu na ɗauka zama kawai ake yi ana waƙa da addu'a. Akwai Girkanci da Ibraniyanci, manyan harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su tun asali, kuma wanda bai ci su ba ba zai wuce ba. Akwai nazarin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari littafi bayan littafi, tarihin ikilisiya tun daga zamanin manzanni har zuwan bishara ƙasarmu, tauhidi, dabarun wa'azi, aikin makiyayi, shugabanci da riƙon kuɗin ikilisiya, sanin addinin Musulunci da addinan gargajiya domin mutum ya iya zama da maƙwabcinsa cikin sani da girmamawa ba cikin jahilci da tsokana ba. Ranar Lahadi kuma ba hutu, ana tura su ikilisiyoyi su yi aiki ƙarƙashin wani fasto yana lura da su. A ƙarshe kowa sai ya yi bincike ya rubuta kundi ya tsaya gaban malamai ya kare shi.

Da 'yan kwamiti suka kai musu ziyara Jos abin da suka gani ya taɓa mu sosai. Malamin lissafin nan, mutum mai mata da 'ya'ya, ya yayyanka kwalin sukari ƙanana-ƙanana, gefe ɗaya kalmar Ibraniyanci ɗaya gefen ma'anarta, ya ɗaure su da roba yana yawo da su a aljihu, ko layin ɗiban ruwa yake yana jujjuya su yana haddacewa. Laftof ɗinsa ta mutu tun bara, a waya yake buga aikin da aka ba shi da babban yatsa, shafi ashirin shafi talatin, in caji ya ƙare sai ya jira wuta. Matarsa kuma tun asuba cikin sanyin Jos ɗin nan da kuka sani tana bakin hanya tana suyar ƙosai, da ribar ake sayen abin miya da sabulu. Ba su yi mana ƙorafi ba ko kaɗan, sai ma godiya suke ta yi, wannan ne ma ya fi sa mu jin nauyi.

Mun sha jin ana cewa wai Bitrus da Yohanna wace makaranta suka je, ai Ruhu Mai Tsarki ya isa. Babu mai musun aikin Ruhu, in babu shi digiri goma ma banza ne. Amma a tuna shekara 3 suka yi suna bin Ubangiji dare da rana yana koya musu, Bulus kuma a ƙarƙashin Gamaliyel ya yi karatu. Kuma mu dubi ikilisiyarmu ta yau da idon gaskiya. Yaranmu sun je jami'a sun dawo da tambayoyi masu nauyi, suna kallon masu wa'azi iri-iri a YouTube da TikTok, wannan na sayar da man addu'a wancan na sayar da ruwan addu'a, wani ya ce ka kawo iri na naira kaza gobe ka wayi gari da mota, wani ya ce kakarka ce mayyar da ta tare maka hanya, har gidaje sun watse a kan irin wannan koyarwa. In faston gida bai iya buɗe nassi ya nuna musu a natse inda aka karkace ba, yaran za su bi mai babbar murya ne. Iyayenmu da suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Hausa sun yi aikin da ba za mu iya biyansu ba, da ƙafa da keke suka kafa yawancin ikilisiyoyin da muke taƙama da su, kuma su ɗin ne da bakinsu suke ce mana a tura yara su yi zurfi.

Ga kuma abin da ya fi damun kwamiti. Waɗannan makarantu na Hausa irin su Tofa da Zambuk, da ƙananan makarantun gundumomi inda ake horar da masu bishara da ke shiga ƙauyukan Maguzawa da lungunan da mota ba ta zuwa, wa zai koyar a cikinsu? Malaman da suka riƙe su suna tsufa suna ritaya. Wanda zai gaje su dole ya zama mutum mai karatu mai zurfi wanda kuma Hausa ta zauna a bakinsa, ya karanta manyan littattafai da Turanci ya juyo ya bayyana wa mai bishara da harshen da zai kai wa tsohuwa a ƙauye ta gane. Irin waɗannan mutane ba su da yawa, kuma mutum ukun nan namu duka irinsu ne. Fasto ɗaya da ya gama mastas ya shiga aji, duk shekara ɗalibai na fita daga hannunsa suna watsuwa cikin ƙauyuka, abin da Bulus ya umarci Timoti ke nan a 2 Timoti 2:2, ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane da za su iya koya wa waɗansu. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, ba za mu bar malami da yunwa da bashin makaranta ba sannan mu sa ran ya shayar da wasu.

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. Marigayi Dakta Byang Kato ɗan Kwoi ne, an haife shi a 1936, ya yi karatu a Igbaja, ya je Landan, ya riƙe babban sakataren ECWA, ya je Dallas a Amurka ya yi karatun digirin dakta, a 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Abin da ya yi ta nanatawa shi ne ikilisiya a Afirka na ƙaruwa da sauri amma koyarwarta ba ta da zurfi, don haka a kafa manyan makarantun tauhidi a nan gida Afirka maimakon kowa sai ya ƙetare teku. Ya rasu a ruwa kusa da Mombasa a ƙasar Kenya a watan Disamba na 1975 yana da shekara 39 kacal, bai ga cikar burinsa ba. Bayan rasuwarsa aka buɗe babbar makaranta a Bangui ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, aka buɗe wata a Nairobi, mu kuma a nan aka buɗe JETS a 1980. Yau ɗanmu zai hau mota da safe ya isa inda zai yi mastas kafin rana ta faɗi, ba biza ba jirgi, abin da mutanen zamanin Kato suka yi ta addu'a a kai ke nan. Zai zama abin kunya a ce makarantar ta zo har ƙofar gida sannan kuɗin rajista ya hana 'ya'yanmu gamawa.

Kuma kar mu zauna jiran Turawan mishan. ECWA ta tsaya da ƙafarta tun 1954, a 1976 kuma SIM, ƙungiyar mishan da ta haifi ECWA, ta miƙa mata ragamar ayyukanta. Tun daga nan nauyin namu ne. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin haka, da mudun hatsi da 'yan canjin cefane suka daɗe suna riƙe da masu bishara na EMS, sashen ECWA mai aika masu bishara, a filin aiki, ba su taɓa jira sai sun yi arziki ba.

Akwai masu tsoron cewa in sun gama za su maƙale a birni ko su tsallake ƙasar waje, wannan tsoro yana da dalili don an taɓa gani a wurare. Shi ya sa kafin su tafi kowannensu ya sa hannu a takarda gaban dattawa cewa zai dawo ya yi hidima inda gunduma ta tura shi, ko ƙauye ko aji. Game da kuɗin kuma, ba a hannun mutum ɗaya yake ba, sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire ko sisi, kuɗin makaranta kai tsaye ake tura shi asusun makarantar a karɓo rasit, kuma za a karanta rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban taron ikilisiya duk bayan wata uku. Duk mai son ganin littafin lissafi ya zo ya gani, haƙƙinsa ne.

Abin da ake bukata da gaggawa shi ne kuɗin makaranta na semesta mai zuwa na su ukun, sai haya da abinci, sai littattafai da fotokwafi, sai laftof guda biyu. Faston da ke Kagoro ya kai matakin bincike, zai riƙa zagaya ƙauyuka yana hira da tsofaffin masu bishara kafin su ƙare, don haka akwai kuɗin mota da na buga kundi. Mun fi son alkawarin wata-wata ko da kaɗan ne, naira 2,000 ko 5,000 ko 10,000, gwargwadon ƙarfin mutum, domin da shi ne za mu iya yin lissafi mu san inda muka dosa. Wanda Allah ya buɗa masa zai iya ɗaukar semesta guda ta ɗalibi ɗaya shi kaɗai, ko iyali su haɗu, ko 'yan aji ɗaya na makarantar Lahadi ta da, ko ƙungiyar matasa. Manomanmu kuma kar ku ce ba ku da kuɗi a hannu, masara, wake, dawa, doya, gyaɗa, manja, duk muna karɓa kuma akwai mai motar da ya yi alkawarin kai musu kyauta. In kana da tsohuwar laftof da ke aiki tana kwance a ɗaki, ko bargo da rigar sanyi na yara, ko littattafan sharhin Littafi Mai Tsarki na wani baba fasto da ya yi ritaya, a kawo.

Za a yi baiko na musamman domin wannan a Lahadin godiyar kaka, a sujadar Hausa da ta Turanci duka, ambulan na wurin masu karɓar baƙi a bakin ƙofa. Masu son yin transfa su tuntuɓi ma'ajin ikilisiya ko sakatare su karɓi lambar asusun kwamiti daga bakinsu, don Allah kar a tura kuɗi a wata lamba da aka gani tana yawo a WhatsApp, kuma in an tura a sanar da ma'aji domin a rubuta rasit. Wanda ba ya so a ambaci sunansa ya faɗa, ba za a ambata ba. A ci gaba da sa su cikin addu'ar safe ta iyali, su da matansu da yaransu, musamman kan hanyar da suke bi in za su zo hutu, kuma a taimaka a tura wannan saƙo ga 'yan gida da ke nesa kafin a rufe rajista.

Allah ya sa albarka, ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Kwamitin Ilimi na Ikilisiya