Ga Masu Shirin Zuwa Hutu Tsibirin Rodos

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata al'ada da ta fara karɓuwa a tsakanin masu hali daga cikinmu, wato tafiya hutu otal-otal ɗin bakin teku da ke tsibiran ƙasar Girka. Masu shirya tafiye-tafiye suna ta baza hotunan fararen gidaje da shuɗin ruwa a Instagram da WhatsApp, sababbin ma'aurata da magidanta kuma suna ta tambayar farashi. Ni dai ban ga laifin mutum ya je ya huta da iyalinsa ba idan Allah ya hore masa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayar wa mutanenmu wannan tafiya ba tare da an gaya musu lokacin da ya dace da ita ba, balle a nuna musu abin da ya cancanci a kashe wa dukiya a can. Zan kafa hujja da tsibirin Rodos, wanda ke kudu maso gabashin ƙasar, dab da gaɓar Turkiyya.

Hutun makarantunmu na ƙarshen shekara yana faɗowa ne a watannin Yuli da Agusta, kuma wannan shi ne daidai lokacin da Turawa ke kwarara tsibirin, farashin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi, zafi kuma ya kai maƙura. Kada wani ya ce ai ɗan Sakkwato ba ya tsoron rana, domin matsalar ta wuce gumi. A watan Yulin 2023, lokacin da zafi ya haura maki 40 a ma'aunin Celsius a sassan Girka, gobarar daji ta tashi a tsakiyar tsibirin, iska ta kora ta zuwa gaɓar kudu maso gabas inda manyan otal-otal suke a Kiyotari da Lardos da Genadi. An kwashe mutane kimanin 19,000, wasu a motocin safa, wasu a jiragen ruwa daga bakin teku, wasu kuma a ƙafa suna jan akwatunansu a kan titi da yara a kafaɗa, da yawansu suka kwana a makarantu da ɗakunan wasanni. Gwamnatin Firaminista Kiriyakos Mitsotakis ta yi wa waɗanda hutunsu ya katse alkawarin mako guda kyauta a shekara mai biyowa, amma wannan ba ya share firgicin uwar da ta kwana a ƙasa da jariri a ƙasar da ba ta jin harshenta. Wanda zai je, ya nemi watan Mayu ko farkon Yuni, ko kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da yanayi ya yi sauƙi kuma jama'a ta ragu. Ya kuma bar wayarsa a kunne, domin hukumomin ƙasar suna aika saƙon gargaɗi ta lamba 112 idan wani haɗari ya taso.

Sai batun irin otal ɗin da ake tallatawa, wanda ake biyan kuɗin kwana da ci da sha gaba ɗaya. Da zarar ka isa za a ɗaura maka wani zare na roba a wuyan hannu, shi ne shaidar cewa kana iya cin abin da ka ga dama daga safe har dare. Ya kamata Musulmi ya san cewa a cikin kuɗin da ya biya akwai kason giya da ba zai taɓa ba, kuma naman da aka fi gasawa a tsinke ko a yanka a naɗe cikin gurasa a Girka na alade ne, sai fa wanda ya tambaya aka ba shi na kaza. Kifi da zaitun da kayan lambu da cuku suna nan a wadace, su ne mafita ga mai kiyaye yanka. Haka kuma shigar da ake yi a bakin ruwa ta saɓa wa tarbiyyarmu ƙwarai, musamman a Faliraki, wata unguwar bakin teku da ta shahara da mashaya da kiɗan dare, don haka bai dace mai shirya tafiya ya kai magidanci da 'ya'yansa mata can ba tare da ya yi masa bayani tun daga gida ba.

Babbar asarar kuwa ita ce mutum ya shafe mako tsakanin ɗakinsa da wurin ninƙaya, ya dawo gida bai taka tsohon birnin Rodos ba. Wannan birni, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, yana kewaye da ganuwar dutse mai tsawon kusan kilomita 4, wadda mayaƙan Kirista na ƙungiyar Waliyyi Yahaya suka ƙarfafa a zamanin da suka riƙe tsibirin daga 1309. A 1522 Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa, Sulaiman, ya yi wa birnin ƙawanya na wata shida har ya ci shi, Turkawa suka mulke shi kusan shekara 400 kafin Italiya ta karɓe a 1912, sannan ya koma hannun Girka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Duk waɗannan zamunna suna nan a tsaye, kowane da gininsa. A saman titin kasuwa akwai masallacin Sulaiman mai jan bango da doguwar hasumiya, daura da shi kuma ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga da aka kafa a 1793, inda ake ajiye da littattafan da aka rubuta da hannu cikin Larabci da Farisanci da Turkanci. Duk wanda ya taso a garin da ake girmama rubutun allo da kundin malamai zai ji wani abu a ransa idan ya tsaya a farfajiyar wannan gida. A cikin lungunan birnin kuma akwai masallacin Ibrahim Fasha, ginin wajen 1540, wanda har yau 'yan tsirarun Musulmin tsibirin masu jin Turkanci suke salla a cikinsa. A ganina sallar Juma'a guda a wannan masallaci ta fi kwana uku a kan kujerar bakin ruwa daraja, amma ban taɓa ganin an ambace ta a cikin tallan da ake turo mana ba.

Kimanin kilomita 50 kudu da birnin akwai ƙauyen Lindos, inda fararen gidajen nan na hoto suke a gindin dutse, kango na tsohon wurin bautar Girkawa kuma a samansa. Mota ba ta shiga lungunansa, da ƙafa ake hawa ko a kan jaki, kuma daɓen tsakar gidajen an yi shi ne da ƙananan tsakuwoyin teku baƙi da fari da aka jera su ɗaya bayan ɗaya har suka fitar da zane. A je da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso.

Game da takardu, Girka tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza iri ɗaya, kuɗin bizar babba Yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, ba a kuma mayar da shi idan an hana mutum, sannan dole a nuna inshorar lafiya da ta kai ta Yuro 30,000. Saboda haka kada kowa ya biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin biza ta fito.

Kirana ga masu shirya tafiye-tafiye a Kano da Kaduna da Abuja shi ne su rubuta wa abokan cinikinsu watan tafiya, da unguwar da otal yake, da irin abincin da ake bayarwa, da nisansa zuwa masallaci, kafin su karɓi ko sisin kwabo. Ina kuma fatan wannan jarida za ta riƙa tambayar su waɗannan abubuwa kafin ta buga tallansu.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
Kano.