Chofi da ciwon suga: abin da ya faru a tsibirai ya shafe mu a Nima

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan ciwon suga da hawan jini, don yanzu da wuya ka shiga gida a Nima ko Mamobi ba ka tarar da wata Hajiya ko wani Alhaji da ledar magani a gefen katifa ba, mu kuma sai mu ce ai tsufa ne, ko gado ne, shi ke nan an rufe magana.

Masu bincike sun daɗe suna bin wannan ciwo a ƙananan tsibiran tekun Pasifik inda abin ya fi muni. Nauru ƙasa ce 'yar mitsitsiya, mutanenta ba su kai na Nima yawa ba, da suka samu kuɗin ma'adinin fosfat, wanda ake takin zamani da shi, sai suka bar kifi da kwakwa suka koma farar shinkafa da abincin gwangwani da jirgi ke kawowa, a 1975 da aka gwada manyansu kusan mutum 1 cikin 3 na da ciwon suga. To ina gado a nan, kakanninsu ai ba haka suke ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne chofi, wannan gindin talotalon da ake soyawa da doya a tasha, kitse zalla kana ci mai na bin hannunka har gwiwa. Samowa, wata ƙasar tsibirai a Pasifik, ta hana shigo da shi a 2007, amma da ta shiga ƙungiyar kasuwanci ta duniya a 2012 sai da ta janye dokar. Mu nan Ghana tun 1999 aka hana shigo da shi, amma wallahi ka bi hanyar Nsawam ka ga yadda ake miƙo shi ta tagar trotro kamar babu wata doka.

A Moriishos, wani tsibiri a tekun Indiya, gwamnati ba ta tsaya wa'azi ba, a 1987 ta canja man girkin da talakawa ke saya mai araha daga na kwakwar manja zuwa na waken soya, zuwa 1992 aka gwada aka ga kitsen jinin mutane ya ragu sosai. Kuma tun 1977 suke sakandare kyauta, shekara 40 kafin tamu ta 2017, haihuwa ma ta ragu a gidajensu tun tuni saboda tsarin iyali da karatun mata, duk da haka ciwon suga bai bar su ba har yau. Ni a ganina boko kaɗai ba ya hana shi in dai abin da ya fi araha a kasuwa shi ne mai cutarwa.

Barbados, wani tsibiri a yankin Karibiyan, ta sa harajin kashi 10 kan lemun kwalba a 2015 ta ƙara zuwa 20 a 2022, mu ma an sa kashi 20 a 2023, sai dai a suna da biki har yanzu kiret kiret ake jibgewa, uwar biki ta ji kunya in ta ba baƙo ruwa kawai.

Roƙona ga limamanmu da sarakunan zango su riƙa gayyato nas nas bayan sallar Juma'a ko sau ɗaya a wata a gwada suga da jini a ƙofar masallaci, malaman makarantun Islamiyya kuma su duba abin da ake sayar wa yara a bakin ƙofa lokacin tara.

Mai karatunku,
daga Nima, Accra