Allon "kwana dubu ba rauni" ba shi ne shaidar lafiyar ma'aikaci ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi tsokaci kan yanayin aiki a manyan kamfanonin makamashi. Mutane daga waje albashi mai tsoka da hular kwano suke hangowa, mu kuwa abin da ya dame mu shi ne ko ma'aikaci zai koma wa iyalinsa da ƙafarsa.

A bakin ƙofar matatun mai da tashoshin wuta akan kafa allo mai ƙirga kwanakin da aka yi ba wanda ya ji rauni. Da zarar an ɗaura alawus ɗin shugaban sashe a kan wannan lamba, rufa-rufa ta samu gindin zama. Wanda ya yanke a hannu sai a naɗa masa bandeji a zaunar da shi a ofis, don kada a rubuta ya rasa ranar aiki. Bawul (abin buɗewa da rufe bututu) da ke yoyo kuwa, ba ruwan allon da shi. Matatar kamfanin mai na BP da ke Texas City a Amurka alƙalumanta na ƙananan raunuka sun yi kyau, amma a 2005 ta yi bindiga, mutum 15 suka mutu, dukkansu ma'aikatan 'yan kwangila. Bincike ya gano wasu masu kula da sashen da ya yi bindigar sun shafe kwana 29 ko fiye a jere suna aikin awa 12.

Inda aka fi yin sakaci shi ne takardar izinin aiki da lokacin miƙa aiki. Ƙa'idar a fili take. Kafin a taɓa famfo ko bututu, a yanke masa wuta, a rufe bawul na gaba da na baya, a sauke matsin da ya rage a ciki. Kowane mai gyara ya maƙala kwaɗonsa da sunansa, makullin yana aljihunsa. Mutum biyar, kwaɗo biyar. Sai a danna maɓallin kunnawa a tabbatar injin bai motsa ba. In tanki za a shiga, a auna iska tukuna: oksijin kada ya gaza kashi 19.5 cikin ɗari. Kuma kada a dogara da hanci, domin gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai in ya yi yawa kashe jin wari yake yi, mutum ya zaci ya wuce.

Aikin da bai ƙare ba, dole mai tashi ya kai mai karɓa wurin, ido da ido. Rashin haka ne ya ci dandalin haƙar mai na Piper Alpha a Tekun Arewa a 1988. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo, suka toshe bakin bututun da faifan ƙarfe ba tare da sun ɗaure shi tamau ba. Da dare ɗaya famfon ya tsaya, masu aikin dare suka tayar da wannan, ba su san an cire masa komai ba. Rai 167 suka salwanta.

Duk kamfani zai ce maka kowa na da ikon dakatar da aiki in ya ga haɗari. A takarda haka ne. Amma ɗan kwantiragin da takardarsa ke ƙarewa bayan wata shida, wanda ya ga yadda aka ƙi sabunta ta abokinsa don ya cika ƙorafi, shiru zai yi, alhali shi ne ke cikin tankin.

Muna kira ga hukumomin sa ido su rage kallon allon bakin ƙofa. Su nemi rajistar awannin aiki ta wata uku, da jerin gyare-gyaren da aka ɗage, su kuma ƙirga sau nawa ɗan kwantiragi ya tsayar da aiki a bara, sannan su duba ko har yau yana bakin aikinsa.

Naku,
Wasu ma'aikatan fannin mai da lantarki