Don bera bai mutu ba sai ku ce magani ba shi da illa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Wallahi shirinku na lafiya na rediyo na ranar Asabar ya ɓata mini rai. Baƙonku ya ce an ɗura wa beraye ruwan wata saiwar maganin gargajiya kuma babu wanda ya mutu, sai mai gabatarwa ya cafe da cewa ashe kowa ya sha hankali kwance. Haba!

Gwajin da ya ambata matakin farko ne kawai: a ba bera magani sau ɗaya, ko da miligiram 2,000 a kan kowane kilo na nauyinsa, a zuba masa ido kwana 14. Mu sau ɗaya muke sha? Yayata a nan Gadarif kullum jiƙonta na cikin gora saboda ciwon gwiwa, safe da yamma, ba awo ba ƙa'ida. In ruwan ya salance ta ƙara saiwa. Abin da ya shafi irinta shi ne gwajin kwana 28 ko 90, wanda ake ɗibar jinin beran a duba hanta da ƙoda. Ko tambayar nan ba a yi wa baƙon ba.

A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam ƙodarsu ta lalace saboda maganin rage ƙiba da aka haɗa da saiwar wani tsiro dangin madacin ƙasa, kuma watanni suka yi suna sha kafin ciwon ya bayyana. Danginsa na nan Sudan, um galagil, har yau ana jiƙa shi don zazzaɓi.

Kun san halin da muke ciki tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Magani ya yi tsada, jama'a sun koma ga saiwoyi. Maƙwabcinmu tun asuba yake fita layin wankin ƙoda, ƙafafu a kumbure ko takalmi ba ya shiga, wata rana ya dawo ba a yi masa ba. Yanzu in na ce, "Yaya, ki rage," sai ta ce ai a rediyo aka faɗa, ni wane ne. Ba na raina maganin gargajiya, da shi aka rene mu. Amma ku dawo da baƙon nan ya gyara maganarsa da bakinsa.

Sannan don Allah, saƙonninmu na Hausawan Sudan me ya sa ba kwa karantawa? Kullum daga Kano sai Maraɗi.

Naku,
Mai sauraro daga Gadarif, Sudan